Tsarkin Ruwa Daban, Lafiyarsa Daban

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Bayan haka, wannan jan hankali ne ga malamai da attajiran Sakkwato a kan madafar da ake dafa wa gajiyayyu abinci.

A al'adar ƙasar nan tsoho a hannun 'ya'yansa yake tsufa. Amma akwai bayin Allah da ba su da kowa sai tukunyar jama'a, a gidajen gajiyayyu da na marayu da wuraren rabon abincin azumi. Ba su ganin yadda aka dafa, ba su da ikon mayarwa. Abin da saurayi zai ci ya yi zawon kwana ɗaya ya miƙe, shi ne ajalin tsoho.

Kowane almajiri ya karanta a Ishmawi da Risala cewa ruwa mai tsarki ne muddin launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su jirkita ba. Wannan hukuncin alwala ne. Ƙwayar amai da gudawa kuwa ba ta jirkita ko ɗaya daga ukun. Ruwa garau yana iya halatta ga salla, ya kuma kashe mai shansa. A shekarar 2021, cutar ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, Sakkwato na cikin jihohin da ta taɓa.

Haka dafaffen abinci. Likitoci sun ce kada ya wuce sa'a 2 a ajiye, balle a zafin bazarar Sakkwato. Tuwon da ya kwana sai a ɗumama shi har cikinsa ya yi tururi. Ruwan sha a tafasa shi, randa ta sami murfi da modarta ita kaɗai. Wuƙar ɗanyen nama kada ta taɓa dafaffe. Mai tuƙi ta wanke hannu da sabulu bayan kewayawa, in cikinta ya ɓaci a hutar da ita. Rufe ƙwarya da dare ma umarnin Annabi ne, tsira da aminci su tabbata gare shi.

Attajirin da ya aika da buhun gero ya haɗa da sabulu da itace, kada ya zaɓo ruɓaɓɓen da ya ƙi sayuwa ya kira shi sadaka. Duba-gari su leƙa madafa ba da sanarwa ba. Malamai su faɗa a kan mumbari, gama Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya yi talifi a kan magani.

Wanda aka ba amanar cikin gajiyayye za a tambaye shi. Allah ya sa a gyara, amin.