Wadda Aka Sa Wa Ranar Aiki Ba Raguwa Ba Ce

'Yan'uwana mata, maganar da na kawo mana a filinmu na wannan mako magana ce da ba a son faɗinta da ƙarfi a tsakar gida, watau haihuwa ta hanyar aiki, abin da wasu ke ce wa tiyata. Ina nufin aikin da likita yake sa wa rana tun ciki bai isa haihuwa ba. A nan Sakkwato, da zarar mace ta dawo daga awo ta ce an rubuta mata ranar aiki, sai gida ya ɗauki salati kamar an aiko da rasuwa. Uwar miji ta ce su da suka haifi goma a ɗaka, wa ya taɓa yanka su? Kishiya ta yi dariyar ƙeta, ta ce dama wasu sai cin tuwo. Maƙwabta su yi ta aiko da saiwoyi da jiƙe-jiƙe. Ƙarshenta ranar ta zo ta wuce, matar tana gida tana jiran naƙuda, don kada a ce mata raguwa.

A ganina wannan jiran shi ne babban haɗari, ya fi wuƙar likita nesa ba kusa ba. Tsoron da muke yi yana da asali, ban ce ba shi da shi ba. Kusan kowace cikinmu ta san wadda aka shiga da ita ɗakin aiki ba ta fito da rai ba. To, amma mu tambayi kanmu, a wane hali aka kai ta? Galibi sai ta kwana 2 ko 3 a kan gwiwa, an yi jiƙo, an yi turare, wani lokaci har an yi yankan gishiri, sannan a nemo mota daga Gada ko Tangaza ko Rabah a kawo ta birni. Kafin a iso jini ya ƙare, ɗa ya mutu a ciki, wata ma mahaifar ta fashe. In ta cika a hannun likita sai a ce aiki ne ya kashe ta, alhali kuwa jinkiri ne. Wani likita mai suna Farfesa Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 a Zariya daga 1976 zuwa 1979, ya tarar mace-macen sun fi yawa ƙwarai a cikin matan da ba su taɓa zuwa awo ba, waɗanda sai da abu ya ɓaci aka kawo su. Shekaru fiye da 40 ke nan, har yanzu ba mu ɗauki darasin ba.

Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna haihuwa 3 kacal cikin 100 ake yi ta hanyar aiki, a yankinmu na arewa maso yamma kuwa abin bai ma kai haka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yayin da adadin yake hawa zuwa wajen 10 cikin 100, mutuwar uwaye da jarirai raguwa take yi. Watau a cikin kowane mata 100 akwai waɗanda jikinsu ke buƙatar aikin, amma ba sa samu. Ita dai wannan hukuma ta ƙiyasta cewa a 2020 mata wajen 82,000 suka rasu a ƙasar nan ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da rubu'in na duniya baki ɗaya.

Likita ba ya sa rana haka kawai. Akwai wadda hoton ciki zai nuna mabiyiya ta zauna a ƙasa ta tare ƙofar mahaifa. Irin wannan in naƙuda ta fara, jini ne zai ɓalle kafin ɗa ya fito, kuma ba ungozomar da za ta iya tsayar da shi, komai ƙwarewarta. Akwai wadda ɗanta ya kwanta a gicciye har wata na tara bai juyo ba. Akwai wadda aka yi wa aiki sau 2 a baya, ana tsoron tsohon ɗinki ya ɓarke. Akwai mai ƙaramin ƙugu, da mai ciwon sukari wadda ɗanta ya yi girma ainun, da mai hawan jini da ake gudun kada jijjiga ta kama ta. Sai kuma 'yan'uwanmu da aka yi wa gyaran yoyon fitsari, kamar yadda ake yi a Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha a nan birni. Su ana gargaɗinsu tun ranar sallama cewa duk cikin da suka samu nan gaba a asibiti za su haihu, ta hanyar aiki, don kada gyaran ya warware. Abin tausayi, sai a sami wadda ta sha wannan wuya shekara da shekaru, ta warke, ta koma ɗakinta, amma gorin dangin miji ya sa ta sake durƙusawa a gida.

Gaskiya ne kuma akwai wuraren da aka mayar da aiki sana'a. A ƙasashe irin su Masar da Burazil fiye da rabin jarirai ta aiki ake ciro su, wanda ya wuce kima. Aiki yanka ne, yana barin tabo a mahaifa, yana iya kawo matsala a cikin gaba. Saboda haka in an ce za a yi miki, haƙƙinki ne ki ce, "Likita, mene ne dalili?" In bayanin bai kwanta miki ba, ki ɗauki katinki da hoton cikinki ki je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru ki ji ta bakin wani likitan. Shawarar likita, likita ne ke warware ta. Matar maƙwabci ba ta ga cikin mahaifarki ba.

Yawancin tsoron na rashin sanin abin da ke faruwa a ɗakin nan ne, don haka bari in ɗan bayyana. Akan sa ranar ne wajen mako na 39 na ciki, lokacin da huhun jariri ya ƙosa. Za a auna yawan jininki da irinsa, a ce ki daina cin abinci kamar awa 6 kafin a shiga. A yanzu ba kasafai ake sa mace barci gaba ɗaya ba. Allura ake yi a gadon baya, daga ƙirji zuwa ƙafa ya mutu, idonki biyu, kina jin ana taɓa ki amma ba zafi. Akwai labule tsakaninki da wurin aikin. Cikin minti 10 ko makamancin haka za ki ji kukan ɗanki, sauran lokacin duk na ɗinki ne, dukan aikin kuma ba ya cika wuce awa 1. Yankan a ƙasan mara ake yinsa, a gicciye, inda zane ke rufewa.

Alherin sa rana shi ne ana samun lokacin shiri, kuma a nan ne nake da magana da iyayen gidanmu maza, tunda na san wasunsu suna leƙa wannan fili a ɓoye. Maigida ya sa hannu a takarda da wuri, kada ranar ta zo a ce ya tafi kasuwar Illela, ba mai ikon sa hannu sai shi. A nemi 'yan'uwa 2 masu lafiya su ba da jini a ajiye. A fara tara kuɗi tun daga wata na shida. Mu da muke iya yin adashi na shekara guda don atamfar fitar suna da kayan barka, ba ma rasa na ran mai jego. A watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ba da sanarwar yi wa mata marasa ƙarfi wannan aiki kyauta a asibitocin da aka shigar cikin shirin. Mai ƙaramin ƙarfi ya tambaya tun a wurin awo, kada ya bari sai ranar.

To, an yi aiki lafiya, ga jariri. Kwanakin farko suna da wuya, ba zan ɓoye muku ba. Za ki wuni da robar fitsari da ƙarin ruwa, tari ko dariya sai kin dafe mara. Duk da haka malaman asibiti za su tashe ki ki taka, wataƙila tun washegari. Kada ki ɗauka mugunta ce, tafiyar ce ke hana jini daskarewa a ƙafa, ita ce kuma ke sa hanji ya motsa. In ciwo ya dame ki, ki faɗa a ba ki magani. Kunyar ɗan fari ba ta da wurin zama a gadon asibiti.

A ɗora miki jaririn a ƙirji da wuri, in da hali cikin awar farko. Dakashin nan mai ruwan ɗorawa da iyayenmu ke cewa a matse a zubar, shi ne rigakafinsa na farko, kuma ko kaɗan ne ya ishe shi, domin cikinsa a ranar farko bai fi ɗan goriba ba. Wani lokaci nonon wadda aka yi wa aiki yakan ɗan yi jinkirin kawowa. Maganinsa yawan tsotso, ba madarar gwangwani ko ruwan zuma ba. Ki shayar a kwance ta gefe, ko ki sa matashi a cinya don kada ya danne ɗinkin. Cibiya kuwa a daina gasa ta da tsumma mai zafi ko shafa mata man goge baki. Jiharmu ce ta fara raba maganin shafa cibiya mai suna kuloheksidin gida-gida a Nijeriya, a 2013, abin kunya ne a ce mu ne muka koma wa toka. Kafin a sallame ku, ki tabbata an yi masa allurar tarin fuka da ta ciwon hanta, an ɗiga masa maganin shan inna.

Rigima ta fi yawa bayan an dawo gida, ranar da tsohuwa ta ɗora tukunya ta ce sai an fara wankan jego. Iyayenmu don ƙauna suke yi, amma ruwa mai tafasa da ganyen darbejiya ba a yi su don cikin da aka ɗinke ba. A yi wanka da ruwa mai ɗumi, kada a fyaɗa ganye a mara, kada a danna ciki, a tsane wurin da tsumma mai tsabta, musamman a bazarar Sakkwato da zufa ba ta barin mutum. Kunun kanwa ma a yi hattara da shi. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a wurin masu jego, suka danganta shi da gishirin kanwa da yawan zafi. Wadda aka yi wa aiki saboda hawan jini, kanwa ba tata ba ce. A ba ta kunun gyaɗa, da ƙauri, da wake, da zogale, da hanta, tunda ta zubar da jini.

Ranar suna, kwana 7 ke nan da yanka cikinta. A bar ta ta zauna wuri ɗaya, masu barka su same ta. Canza kaya sau 5 da durƙusa wa kowace gwaggo ya jira wata haihuwar. Har mako 6 kada ta ɗauki abin da ya fi jaririnta nauyi, ba daka, ba jan ruwa a rijiya. In zazzaɓi ya taso, ko ɗinkin ya kumbura yana fid da ruwa mai wari, ko jini ya ƙaru, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, a koma asibiti a ranar. Haka in jariri ya ƙi mama, ko jikinsa ya yi zafi, ko idonsa ya yi ɗorawa irin na shawara. Bayan haka a ba mahaifa hutu na wata 18 zuwa shekara 2 kafin wani ciki. Wadda aka yi wa aiki sau 1 tana iya haihuwa da kanta nan gaba in likita ya ga babu matsala, amma a asibiti.

Ku kuma 'yan makaranta, ƙannena, ku ne masu karanta wa iyayenku da yayyenku katin awo. In kun ga an rubuta rana a kai, ku faɗa wa Baba da bakinku, ku rubuta ta a bangon ɗaki da alli, ku riƙa tunawa da shi in saura mako guda.