Daga Teburin Malami: In Littafi Ya Yi Shiru

A watan nan za mu koma kan wasan ces, wato darar nan mai sarki da sarauniya da dawakai, wadda muke koya wa yara a makaranta bayan an tashi.

Akwai wani yaronmu mai kaifin kai, ya haddace buɗin wasa daga littafi har tafiya goma sha biyu. Rannan ya zauna da wata yarinya 'yar aji huɗu. Maimakon ta tura sojan tsakiya yadda aka saba, sai ta tura na can gefe. Yaron nan ya yi zuru, gama littafinsa bai faɗi kome a kan wannan ba. Ya husata, ya fito da sarauniya da wuri wai zai hore ta, kafin a jima an cinye sarauniyar. Har da hawaye.

Muka ce masa ba a kansa aka fara ba. A shekarar 1980, a garin Skara na ƙasar Suwidin, Anatoli Karpov, wanda yake zakaran duniya a lokacin, ya kara da Tony Miles mutumin Ingila. Karpov ya buɗe da sojan gaban sarki, e4. Miles kuwa sai ya matsa sojan gefe gida ɗaya, a6, tafiyar da manya suke ɗauka wasan yara ce. Ashe da dabara a ciki: ya bi da b5, ya kafa bishof a b7 yana hararar sojan nan na e4. Karpov ya kama tsakiya da sojoji biyu, ya fito da doki da bishof, duk daidai ne. Amma an riga an fitar da shi daga hanyoyin da ya sani kamar yunwar cikinsa, sai can gaba wasa ya kuɓuce masa, ya sallama bayan tafiya 46.

To, me muke gaya wa yaranmu? In abokin wasa ya yi tafiyar da ba ka taɓa gani ba, ka ɗaga hannu daga kan allo tukuna. Ka tambayi kanka, me yake nema? In babu barazana, ka kama tsakiya, ka fitar da dawakai da bishof, ka kai sarki maɓoya. Kada ka yi gaggawar hukunta shi. Sau da yawa baƙuwar tafiya rauni kaɗan gare ta, ba ta isa a ci mutum nan take ba, mai garaje ne yake faɗawa rami.

Mu malamai ma da laifinmu, don mun fi yaba wa mai hadda. Haka a makarantar Lahadi: yaro ya zuba ayoyi ashirin, a tafa masa, amma wani a kasuwa ya yi masa tambayar da ba ta cikin katikisma, sai ya daburce. Iyaye, in yaro ya kawo muku ayar haddacewa, ku tambaye shi ma'anarta da bakinsa.

Yaron nan dai mun sa shi ya buga a6 da kansa har mako biyu, domin ya ga abin daga ɗaya gefen. Yarinyar ta sāke cinye shi sau ɗaya.