Ciwon da ba ya fitowa a hoto



Kaka ta yi. Manyan motoci sun ja layi a Funtuwa da Dandume da Bakori, ana lodin masara da waken soya da auduga. Kamfanonin da ke kwasar wannan kaya, da masu sayar mana da taki da maganin feshi, da bankuna, da yawansu suna da gidauniya mai ware kuɗi don lafiyar jama'a. Mun gode, Allah ya saka.

Sai dai kuɗin nan in ya iso yankinmu, abin da zai fito a hoto yake bi. Gini, fenti, allo mai sunan kamfani. Ko a kafa rumfa yini guda, a gwada hawan jini, a raba tabarau, kafin la'asar an naɗe tabarma. Abin da zai fito a hoto, shi ke nan.

Alhali ciwon da ke cin mutanenmu yanzu ba ya fitowa a hoto. Baiwar Allah da aka karɓo daga daji bayan an sayar da gona an biya fansa, ga ta a tsakar gida tana tankaɗe, babur ya wuce a waje, sai rariya ta suɓuce mata, jiki na ɓari. Mijinta kuwa yana zaure, ko sallama ba ya amsawa. Yaran makarantar Ƙanƙara sama da 300 da aka kwashe a Disambar 2020 yau samari ne. Wa ke tambayar yadda suke barci? Waɗanda suka tsira daga harin masallacin Unguwar Mantau, a ƙasar Malumfashi, a Agustan 2025, wa zai zauna ya saurare su?

In abin ya tsananta, sai a ce a tafi asibitin Shika, ko na Barnawa, ko na Dawanau. Manomin da ya rasa kuɗin mota kuma, gidan mari ake kai ɗansa. Mun dai ga abin da aka fito da shi daga irin waɗannan gidaje a Rigasa da Daura a 2019.

Ga kuma ƙwaya, wadda ni ita ta fi hana ni sukuni. Yaro ɗan ƙwadago sai ya haɗiye tiramol kafin ya ɗauki fartanya, wai don kada ya gaji, mai gona yana gani yana murna aiki na sauri. An hana maganin tari mai kodin tun 2018, amma ku je tasha da dare ku gani. Shekara biyu, uku, yaron nan ya fara magana shi kaɗai, a ce aljanu ne. Aljanun a leda aka sayo su, jama'a!

An sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, amma doka ba ta duba marar lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tun 2008 ta fito da tsarin koya wa malamin asibitin ƙauye gane damuwa da firgita da farfaɗiya, ya ba da magani, abin da ya fi ƙarfinsa ya tura gaba.

To, masu gidauniya, don Allah ga inda za ku zuba kuɗin. Ku horar da ma'aikata biyu, mace da namiji, a kowane ƙaramin asibiti daga Faskari zuwa Ƙafur. Ku ɗauki nauyin alawus ɗinsu da maganin na shekara biyar, ba yini guda ba. Allon sunanku kuwa, ku kafa shi a ƙofar ɗakin, ba mu hana ba.