Zagin 'yan luwaɗi da masu sauya jinsi a makarantun Birtaniya: Ina aka kwana?

A lokacin da ake shari'ar matasan nan biyu da suka kashe Brianna Ghey a wata kotu da ke birnin Manchester, a ƙarshen shekarar 2023, ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi ɗaukar hankalin jama'a shi ne wata 'yar kalma mai haruffa biyu kacal.

Brianna, wadda ke da shekaru 16, an haife ta ne namiji, amma daga bisani ta koma rayuwa a matsayin mace. A saƙonnin wayar salula da aka karanta a gaban kotu, namijin cikin waɗanda ake tuhuma ya riƙa kiran ta da "it", wato kalmar da Turawa ke amfani da ita idan suna nuni ga dabba ko kujera ko wani abu makamancin haka da ba mutum ba.

An daɓa mata wuƙa har sau 28 a wani wurin shaƙatawa da ke ƙauyen Culcheth, kusa da garin Warrington, ranar 11 ga watan Fabrairun 2023. Shekara guda bayan haka Mai Shari'a Yip ta yanke wa matasan hukuncin ɗaurin rai da rai, inda macen za ta yi aƙalla shekaru 22 a kurkuku, namijin kuma 20. Alƙaliyar ta ce babban abin da ya haddasa kisan shi ne sha'awar zubar da jini da yarinyar ke da ita, amma ƙyamar masu sauya jinsi ta taka rawa a ɓangaren yaron.

Ba za a ce zagin makaranta ne ya kashe Brianna ba. Shugabar makarantarsu ta ce ba ta ga wata shaidar cewa ana cin zalinta ba, ko da yake wasu ƙawayenta sun faɗa wa jaridu akasin haka. To amma shari'ar ta sake tono wata tsohuwar tambaya da Birtaniya ta shafe fiye da shekaru 30 tana fama da ita: me ya kamata makaranta ta yi idan ɗalibi ya jefi ɗan'uwansa da irin waɗannan kalamai?

Dokar da ta rufe bakin malamai

A shekarar 1988 gwamnatin Margaret Thatcher ta kafa wata doka da aka fi sani da Sashe na 28, wadda ta haramta wa ƙananan hukumomi tallata luwaɗi da maɗigo, ko koyar da yara a makarantun gwamnati cewa zaman masu jinsi ɗaya wani nau'i ne na iyali da za a amince da shi.

Babu wanda aka taɓa hukuntawa a ƙarƙashin wannan doka. Sai dai ta yi aikinta ta wata hanyar: malamai da dama sun ɗauka cewa ko tsawata wa yaron da ya zagi wani da luwaɗi na iya jefa su cikin matsala, don haka suka ja bakinsu suka yi shiru. Yankin Scotland ya soke dokar a 2000, Ingila da Wales suka bi baya a 2003, kuma a 2009 David Cameron, wanda ke jagorantar jam'iyyar Conservative a lokacin, ya nemi gafara a kan dokar da jam'iyyarsa ta kawo.

Soke doka aikin 'yan majalisa ne na yini guda. Malaman da suka koyi aiki a cikin waɗannan shekaru 15 kuwa sun ci gaba da zama a azuzuwa, wasunsu ma suka zama shugabannin makarantu.

A 2007 ƙungiyar Stonewall, mai fafutikar kare haƙƙin 'yan luwaɗi da maɗigo, ta fitar da rahotonta na farko kan makarantu. Kashi 65 cikin 100 na matasan da aka ji ta bakinsu sun ce an ci zalinsu, kashi 98 kuma sun ce suna jin ana amfani da kalmar "gay" a matsayin zagi ko raini. Adadin waɗanda ake cin zalin ya sauka zuwa kashi 55 a 2012, sannan kashi 45 a 2017, a wani bincike da jami'ar Cambridge ta gudanar wa ƙungiyar a kan matasa fiye da 3,700.

Wajibi ne a yi taka-tsantsan da waɗannan alƙaluma. Stonewall ƙungiya ce mai manufa, kuma matasan da suka amsa tambayoyin su ne suka kawo kansu, ba zaɓo su aka yi daga kowane gida ba. Duk da haka, tun da kusan hanya ɗaya aka bi a duka binciken uku, ana iya yarda cewa cin zalin ya ragu. Abin da bai ragu sosai ba shi ne kalmar kanta: a 2017 kashi 86 cikin 100 sun ce har lokacin suna jin ta a kai a kai.

Zagi ne ko salon magana?

A nan ne ra'ayoyi suka rabu. A bakin yaran Birtaniya, kalmar "gay" ta daɗe da samun wata ma'ana ta daban, wato abin banza ko maras daɗi. Aikin gida mai wuya, ko takalmin da ya tsufa, ko alƙalin wasan da ya hana bugun fenareti, duk ana iya laƙaba masu ita.

A 2006 hukumar gudanarwar BBC ta yi watsi da wani ƙorafi da aka shigar a kan Chris Moyles, mai gabatar da shiri a tashar Radio 1, wanda ya kira wani sautin kiran waya da wannan suna. Hukumar ta ce ya yi amfani da kalmar ne kamar yadda matasa ke yi, da ma'anar abin banza. Shi ma wani masanin halayyar jama'a, Mark McCormack, wanda ya zauna da ɗalibai a wasu makarantu uku na kudancin Ingila, ya wallafa littafi a 2012 inda ya ce ƙyamar 'yan luwaɗi ta yi sauƙi matuƙa a tsakanin samari, kuma ba kowane mai furta kalmar ne ke nufin cutarwa ba.

Akwai ƙamshin gaskiya a wannan magana, domin yaro ɗan shekara 9 da ya faɗi kalmar a filin wasa sau da yawa bai ma san asalin ma'anarta ba. Amma hujjar ta duba niyyar mai magana ne kawai, ta manta da mai sauraro. Yaron da ke zaune a bayan aji yana ɓoye abin da ke ransa, wanda kuma ke jin sunan da za a iya kiransa da shi ya zama sunan duk wani abu maras amfani sau goma a rana, ba ya buƙatar a kalle shi kafin saƙon ya isa gare shi.

Kuma jifar ba ta tsaya a kan 'yan luwaɗi kawai ba. A wani binciken da aka yi a tsakanin malamai a 2009, malaman sun ce waɗanda ake zagi sun haɗa da yara mazan da ba sa son wasanni, da masu ƙwazon karatu, da 'yan matan da ake ganin suna da halin maza. Duk wanda ya yi makarantar kwana a ƙasar Hausa ba zai rasa tuna yadda ake jifar yaro mai sanyin murya ko mai gudun dambe da kalmar ɗan daudu ba, ba tare da kowa ya san komai game da rayuwarsa ba.

Abin da ya fi muhimmanci a cikin duka alƙaluman shi ne wanda ya shafi malamai. Rahoton 2007 ya gano cewa a makarantun da suka fito fili suka shaida wa ɗalibai cewa irin wannan cin zali laifi ne, yaran sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba, amma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ne suka ce makarantarsu ta taɓa faɗin haka. Shekaru 10 bayan nan, kashi 68 cikin 100 sun ce malamansu ba sa tsawatarwa idan sun ji zagin, ko kuma sai jefi-jefi.

Darasin Birmingham

Matsalar ta ƙara sarƙaƙewa ne a inda hana zagi ya haɗu da koyar da darasi.

A farkon 2019 iyaye, akasarinsu Musulmi, sun yi ta zanga-zanga a ƙofar makarantar firamare ta Parkfield da ke Birmingham, saboda wani shiri da mataimakin shugaban makarantar, Andrew Moffat, ya ƙirƙiro domin koya wa yara cewa babu bare a cikinsu. Cikin littattafan da ake karanta wa yaran har da masu nuna iyalin da ke da uwaye biyu ko ubanni biyu. Iyayen sun ce yaran sun yi ƙanƙanta, kuma darasin ya saɓa wa addininsu. An dakatar da shirin a watan Maris, aka shiga tattaunawa da iyaye, sannan aka dawo da shi bayan an yi masa gyare-gyare.

A makarantar Anderton Park, ita ma a birnin, lamarin ya kai ga kotu, kuma a watan Nuwamban 2019 Babbar Kotu ta haramta zanga-zanga a kewayen makarantar har abada, tana mai cewa an jirkita gaskiyar abin da ake koyarwa.

Masu lura da al'amura na ganin cewa rikicin ya haɗa abubuwa biyu da ya kamata a rarrabe. Na farko shi ne abin da za a koya wa yaro game da aure da iyali, kuma a wace shekara. Wannan batu ne da iyaye masu addini, Musulmi da Kirista da Yahudawa, ke da ta cewa a kai. Na biyu shi ne ko yaro na da damar wulaƙanta ɗan ajinsu. Da yawa daga cikin iyayen da suka yi zanga-zangar sun ce su ma ba su yarda a ci zarafin kowa ba. Dokar daidaito ta 2010, wadda ta hana makaranta nuna wa ɗalibi bambanci saboda jinsin da yake sha'awa ko sauya jinsi, ita ce dai ta hana a nuna wa yarinya mai hijabi bambanci saboda addininta.

Ina ɗalibi zai kai kuka?

A takarce, ɗalibin da ake zagi yana da gata. Wata doka ta 2006 ta wajabta wa shugabannin makarantun gwamnati a Ingila su tanadi ƙa'idojin hana kowane irin cin zali, kuma suna da ikon hukunta ɗalibi a kan abin da ya aikata a wajen makaranta, kamar a motar safa ko a intanet. Shawarar da ƙungiyoyi irin su Childline ke bai wa yara ita ce su rubuta rana da wuri da abin da aka faɗa, su adana hoton saƙonnin da aka turo masu, su guji ramawa, sannan su sami babban da suka amince da shi. Idan malamin aji bai yi komai ba, iyaye na iya kai ƙorafi ga shugaban makaranta, daga nan sai hukumar gudanarwarta.

Sai dai a aikace akwai wani tarko da babu shi a sauran nau'o'in cin zali. Yaron da aka zaga saboda launin fatarsa yana komawa gida ya tarar da iyayen da suka san zafin abin. Wanda aka zaga da luwaɗi kuwa, kai ƙara na iya nufin tona wa kansa asiri a gaban malami, wataƙila har a gaban iyayen da yake tsoron su ji. Idan ma ba ɗan luwaɗin ba ne, yana gudun kada ƙarar ta zama tamkar tabbatar da zargin. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa kashi 45 cikin 100 na waɗanda ake cin zalinsu suka ce a 2017 ba su taɓa faɗa wa kowa ba, kashi 40 kuma suka ce sun taɓa ƙaurace wa makaranta.

Saboda haka ne masu nazarin lamarin ke cewa ɗora wa yaro nauyin kai ƙara ba zai wadatar ba. Malamin da ya ji kalmar da kunnensa ya tsawatar nan take, ba tare da ya tambayi wa ake nufi ba, ya ɗauke wa yaron wannan nauyi. Horar da malamai kuwa na buƙatar kuɗi. A 2014 gwamnati ta ware fam miliyan 2 domin wannan aiki, amma a 2020 ta dakatar da tallafin.

A 'yan shekarun nan zafin ya fi karkata ga ɗalibai masu sauya jinsi. A binciken 2017, kashi 64 cikin 100 nasu sun ce ana cin zalinsu, kashi 45 kuma sun ce sun taɓa yunƙurin kashe kansu. Su kuma manya ba su daidaita a tsakaninsu ba. Ranar 7 ga watan Fabrairun 2024, kwanaki biyar bayan yanke hukunci a shari'ar Brianna, Firayim Minista na lokacin, Rishi Sunak, ya yi wa jagoran adawa Keir Starmer ba'a a zauren majalisa cewa ya kasa faɗin mece ce mace, alhali mahaifiyar yarinyar na ziyara a majalisar a ranar. Mahaifin Brianna ya nemi ya ba da haƙuri, Mista Sunak ya ƙi.

A watan Afrilun 2025 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukuncin cewa kalmar mace a dokar daidaito na nufin wadda aka haifa mace, amma ta jaddada cewa dokar na ci gaba da kare masu sauya jinsi daga wariya da tsangwama. A watan Yulin wannan shekarar gwamnati ta fitar da sabon jagora ga makarantun Ingila, wanda aka tsara zai fara aiki a watan Satumban 2026. Jagoran ya ce kada malamai su koyar da batun jinsin da mutum ke ji a ransa a matsayin tabbatacciyar gaskiya, domin ana taƙaddama a kai, amma su koya wa yara mutunta masu sauya jinsi.

Wasu ƙungiyoyin iyaye da na mata sun yi maraba da matakin. Masu fafutikar kare haƙƙin masu sauya jinsi kuwa na fargabar cewa malamin da bai tabbatar da inda iyakar take ba zai zaɓi abin da na gabansa suka zaɓa a zamanin Sashe na 28, wato ya ji zagin a bayan aji, ya ci gaba da rubutu a allo.