Filin Masu Sana'a: Kafin a Share Kwamfuta

In kwamfuta ta rikice, mai gyara yakan ce sai an share kome, a sāke sa Windows. Kada mu yi garaje. Mu kwashe hotunan iyali da takardu tukuna, gama abin da aka share da wuya ya komo.

Sa'an nan mu lura da lasisi. Tun 2012 manyan kamfanoni suke dasa lambarsa a cikin injin kansa. In Home muka saya, aka mayar da shi, ba sauran biya. Amma lambar Home ba ta buɗe Pro, shi ya sa waɗansu sukan ɗora na sata. Mu ƙi, ko da kyauta ne.

Sai wata mai zuwa.