Kasimu Yero Da Tukar Rake

Mu mutanen Makarfi da Kudan ba a koya mana sha'anin rake. A matse shi, a dafa ruwan ya zama mazarƙwaila, tukar kuma a cusa ta a murhu. Haka harkar fim ɗin Hausa ke yi wa ɗan wasan da ba shi ne jarumi ba, wato mai fitowa a baba, ko kawu, ko mai unguwa. Kuma da hannunmu a ciki.

Ku ɗauki marigayi Kasimu Yero, Bazazzagi ɗan'uwanmu. Tun Kannywood ba ta samu suna ba yake riƙe da masu kallon talabijin a Karambana da Magana Jari Ce, wasan da aka ɗauko daga littafin Abubakar Imam. A Cock Crow at Dawn, shirin Turanci na NTA a shekarun 1980, ba shi ne tauraro ba, kawu Gaga ne, mutum mai taurin kai. Amma tambayi duk wanda ya kalli shirin, Gaga zai fara ambato. Ya rasu a Kaduna a watan Satumbar 2017 bayan doguwar jinya. Muka cika Facebook da ta'aziyya na kwana biyu, shi ke nan. Yau a Ikara ko Hunkuyi, yara nawa ne za su gane hotonsa?

Kada a ce wannan tsohon zance ne. A 2022 Ladin Cima ta shaida wa BBC Hausa cewa dubu biyu, uku zuwa biyar ake sallamarta da su. Wasu furodusoshi suka musanta, suka lissafo abin da suka taɓa ba ta. To, a ce gaskiyarsu. Ai musun ma ya tona asiri: dattijuwar da ta tsufa a gaban kyamara, ladanta ya dogara ne da kirkin wanda ya kira ta, babu farashi tsayayye.

A Amurka 'yan wasa na karɓar wani kaso idan aka sake haska aikinsu. Ba kyauta aka ba su ba, da yajin aiki suka ƙwata, kuma a 2023 sun sake ajiye aiki kwana 118, har da batun kason fina-finan intanet. Mu kuwa sai mu miƙa waya a shagon masu tura fim, a cika mana ita da 'yan canji, ko sisi bai isa ga mai wasan ba. Sannan mu zo muna zagin furodusa.

Muna so MOPPAN ta tsayar da mafi ƙarancin kuɗin fitowa, a rubuce, da kaso daga abin da YouTube ke biya. NTA Kaduna kuma ta fito da abin da ke hannunta na Karambana, ta gyara shi, ta sa wa iyalan Kasimu Yero rabonsu.