Jigilar dabbobi a jirgin sama: Me ya sa zafin filin jirgi ya fi sanyin samaniya haɗari?

A watan Disambar 2024, wani jirgin kamfanin KLM da ya taso daga Amsterdam zuwa birnin Meziko ya yada zango ba shiri a tsibirin Bermuda. Injinsa lafiya lau. Aladu 100 ne a ɗakin kayansa, warinsu ya cika jirgin har ya kai ga matuƙa, suka nemi sauka.

Mutane da dama sun ɗauki labarin abin dariya, amma ya tono wata matsala da masu sufurin dabbobi suka daɗe da sani. Dabba ba buhun shinkafa ba ce. Tana numfashi, jikinta na fitar da zafi da danshi, fitsarinta da kashinta na tayar da iska mai yaji. Idan aka tara ɗaruruwa a rufaffen wuri, dole a riƙa sauya musu iska ba ƙaƙƙautawa.

A nisan da manyan jirage ke tafiya, sanyin waje kan kai digiri 50 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, iskar kuma ba ta isa numfashi. Saboda haka na'urori ke matso iska, su daidaita zafinta, su tura ta cikin jirgin, har a ji kamar ana kan tsauni mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400. Ɗakin kaya ma yana samun wannan matsi. Sai dai ba kowane ɗakin kaya ke da na'urar ɗumamawa da ta zagaya iska ba, wannan ya danganta da samfurin jirgin da abin da kamfanin ya zaɓa lokacin saye.

Shi ya sa ƙa'idojin ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, suka shiga har cikin ƙananan abubuwa: girman keji, yawan ramukan shan iska, da ratar da za a bari tsakanin keji da sauran kaya. Ba a ajiye dabba kusa da busasshiyar ƙanƙarar da ake sanyaya magunguna da kifi da ita, domin iskar da take fitarwa na shaƙe numfashi. Kafin tashi kuma ana ba matuƙi takarda cewa akwai mai rai a ƙasan jirginsa, don ya saita zafin ɗakin.

Abin da ya fi ba da tsoro yana ƙasa. Jirgin da ke tafiya na samun iska a wadace. Wanda ke tsaye da injuna a kashe ya dogara ne da ƙaramin injin da ke wutsiyarsa ko na'urar sanyi ta filin jirgi. Jinkirin sa'a guda a kan kwalta mai zafi, ƙofa a rufe, ya isa ya mayar da ɗakin kaya tanda. Dokar Amurka ta hana a bar kare ko kyanwa fiye da minti 45 a zafin da ya haura digiri 29.5 yayin kai su jirgi ko sauko da su.

Duk da dokar, alƙaluman ma'aikatar sufurin ƙasar sun nuna dabbobi 24 sun mutu a hannun kamfanonin jiragenta a 2017, 18 daga ciki a United Airlines. A Maris ɗin 2018 wani ɗan kwikwiyo ya mutu a jirgin kamfanin bayan an sa shi a ma'ajin jakunkuna na saman kujeru, inda iska ba ta zagayawa. Irin karnukan nan ne masu gajeren hanci, waɗanda numfashi ke yi wa wuya ko a ƙasa, kuma kamfanoni da dama sun daina karɓarsu a ɗakin kaya.

Aikin na yiwuwa idan an kashe masa kuɗi. Lokacin da Saudiyya da ƙawayenta suka yanke hulɗa da Qatar a 2017, ƙasar ta kwaso shanun madara ta jirgin sama, kashin farko 165 suka sauka a watan Yuli, a tsakiyar zafin yankin Gulf, aka wuce da su rumfunan da aka tanadar wa na'urorin sanyaya.

Batun bai tsallake Najeriya ba. Ta jirgi ake shigo da 'yan tsakin iri da manyan gonakin kaji ke hayayyafa da su, haka ma dawakin wasan folo daga Ajantina. Ɗan tsako na iya rayuwa kusan sa'a 72 da ragowar gwaiduwar da ke cikinsa ba ci ba sha, wanda shi ne ya sa ake iya yin doguwar tafiya da shi. Amma ba ya iya daidaita zafin jikinsa, kuma kwalayen da aka jibge ba rata kan dafa na tsakiya tun kafin a lura.

A Kano zafin Afrilu kan kai digiri 40, wato ya zarce iyakar da dokar Amurka ta gindaya da fiye da digiri 10. A irin wannan yanayi, tambayar da ta kamata mai shigo da dabba ya yi wa dillalinsa ba ta tsaya kan kamfanin jirgi ba. Ƙarfe nawa jirgin zai sauka, da rana ko da dare? An kammala takardun kwastam da na jami'an killace dabbobi tun kafin ya iso? A ina kejin zai jira, a inuwa ko a kan kwalta, kuma motar da za ta ɗauke shi tana bakin ƙofa?